Agogon Kawu Arzika

Agogon Kawu Arzika ya tsaya daren Laraba,
ƙarfe huɗu saura kwata.
Shekara arba'in yana tada gidan nan,
ya riga zakara, ya riga ladanin Mabera.
Ranar sai da rana ta leƙo muka yi asuba.

Na kai shi Tsohuwar Kasuwa, rumfar Nomau.
Ya ɓalle bayansa, ya maƙala gilashi a ido,
ya ce, "Wanga ƙarhe, ina anka ƙera shi?"
Na ce, Jamus ta Gabas.
Ya ce, "To, a aiko da wayar cikinai daga can."
Na ce, babu can ɗin.
Ya dube ni kamar na ce gulbin Rima ya yi ƙaura.

Can gwamnati ta tura Kawu koyon jima,
shi da ya tashi cikin warin majema,
ya je ya ga yadda inji ke lallashin fata.
Shekara huɗu.
Ya dawo da takarda, da tari, da agogon,
da wata jakar raga
da ake dunƙulewa a tafin hannu.

"Ba a hita babu ita," in ji shi.
"In ka ga layi, shiga tukuna,
sannan ka tambayi mi aka saidawa."
Wata rana takalmi ne, duk lamba ɗaya.
Wata rana ƙusa.
Sau ɗaya ayaba:
awa biyu yana tsaye, ƙanƙara na cin yatsunsa,
aka miƙo masa guda uku,
irin wadda yara ke bin mota da ita a Kwannawa
ana korar su.
Ya ce bai taɓa cin ayaba ba sai ranar.

Sabulu bai da kishiya a kanti.
Burodi, kuɗin da ya tarar shi ya bari.
Ba wanda ya kwana da yunwa, ya ce,
sai dai in baƙuwar fuska ta zauna kusa
hira kan koma ta gidan makoki.

Matar da ya zauna gidanta, Irmgard,
ta rubuta suna tana jiran mota,
wata 'yar ƙwarya mai tarin babur.
Shekara goma sha uku.
Kullum Lahadi takan share inda za ta ajiye ta.
Wasiƙarta ta ƙarshe na nan cikin adaka:
layi ya iso kanta,
amma an fasa katangar,
kuma ba mai son irin motar ko kyauta.

Akwai gwangwanin madara ƙarƙashin gadonsa
cike da kuɗin can,
marasa nauyi kamar ɓawon albasa.
Jikoki na dara da su a ƙofar gida.
Ko alewa ba sa saya
nan ko ko'ina.

Kwana shida Nomau ya yi yana tone-tone
har ya ciro waya daga gawar wani agogon Sin.
Ya karɓi dubu biyu, ya ce kada in dawo.

Kawu ya kara shi a kunnen da ke ji,
ya daɗe.
"Muryatai ta sake," ya ce.
Yanzu yana gaba da minti bakwai,
kamar mai saurin zuwa wani wuri.
Mun bar shi haka.

Da hantsi aka ce an ga jama'a
sun jeru wajen Gidan Dare, har bakin kwalbati.
Zafin nan na Sakkwato, kwalta na narkewa.
Na ce, Kawu, me ake rabawa?
Ya ce bai sani ba.
Ya riga ya sa hula,
yana laluben aljihu ya ji ko jakar na nan.