Muƙamuƙin Jaki

Ta zo bayan la'asar, ina ɗinkin takalmi a bakin kasuwar Tawa,
ta ce, "Kai ne Efangal?"
Shekara sittin ba wanda ya kira ni haka a garin nan.
A lakwal, lamba goma sha bakwai nake.
A kasuwa, Buzu mai takalma.

Ta ce, "Tsahara nake, ɗiyar Mushe Nomau.
Ya cika cikin azumi. Ya ce a kawo maka wannan."
Ban taɓa ƙunshin ba.
Ta cikin zanen ma na gane shi.

Ranar da sojan raƙumi biyu suka sauka rijiyarmu, gabas da Abalak,
da takardar kumandan, kowane zango yaro guda,
uwata ta naɗe ni cikin tabarma ta jingina.
Ƙafata ce ta tona ni.
Ta bi sawunsu har rana ta faɗi,
ƙwaryar nono a hannu, tana tafe yana zuba.

Mu arba'in a ɗakin kwana.
Aka aske mu, aka ƙone rigunan da muka zo da su.
Na ce aman, ruwa nake roƙo,
sai aka rataya mini muƙamuƙin jaki a wuya.
Sambol, in ji Mushe.
Ba ya sauka sai ka kama wani da harshen uwarsa a baki.
Na kama Bajjo.
Cikin barci ya yi magana, raƙumarsu yake kira.
Shi ya sha bulalar Asabar.
Ya gudu tsakar bazara,
rijiya mafi kusa kuwa kwana biyu ce.

Da na je hutu uwata ta yi mini magana,
na tsaya ina lalube, kamar mai neman allura a rairayi.
Ta shafa kaina,
ta ce da ƙanwata, "Ba baƙo nono."

Tsahara ta kwance zanen.
Haƙori uku sun zube, igiyar dai ita ce.
Ƙarƙashinsa tsohon kaye, da rubutun nan nasa mai jingine:
sunayenmu arba'in, na yanka, kowane gefen lambarsa.
Can ƙasa, da hannu mai rawa:
"Ni ma an rataya mini shi a Yamai, don na ce ruwa."

Ta ce, "Ka yafe masa?"

Na daɗe ina kallon basillata.
Na ce, 'yar nan, yafiya ba takalmi ba ce
da zan auna ƙafa in yanka miki yau.
Nawa kason, ki bar ni in kwana da shi.
Na Bajjo ba ya hannuna.
A nan ni ma bina ake.

Na hura gawayi.
Kofin farko ɗaci gare shi, ban faɗa mata ba.
Ta shanye, ba ta yamutsa fuska ba.
Ta ce a Bilbis take karantarwa,
akwai 'yan Azawak shida a ajinta, ba sa ɗaga hannu.
"Yaya kuka ce ake kiran ruwa?"
Aman.
Ta faɗa, ya karkace. Na gyara mata. Ta sake.

Da za ta tashi ta ce, ko a binne shi?
Na ce kul.
Kai shi ajinki, ki kafa ƙusa,
bango ya ɗauka, ba wuyan ɗan kowa ba.
In sun tambaya, ki aiko yaro,
ba na zuwa ko'ina sai masallaci.

Kayen na riƙe.
Bayan ta wuce na bi layi da yatsa,
sha tara, ashirin, ashirin da ɗaya.
Na karanta sunan da ƙarfi, da na ubansa,
har mai goro na gefena ya waiwayo
ya ce, "Wa kake kira?"