Igiya Mai Ƙulli Ashirin

Ubana ya raɗa masa suna Marowaci,
tafkin nan da ke bayan tsaunukan Qaanaaq,
don ya shekara arba'in yana huda ƙanƙararsa
bai taɓa samun ko kan kifi ba.
Na gaji ƙiyayyar tare da wuƙarsa.

Sai ga Tukummeq, 'yata, ta dawo daga karatu
da akwatuna huɗu da tari a ƙirji,
ta ce, Baba, ɗaura karnuka, can muka nufa.
Na ce wurin ba kowa.
Ta yi dariya irin ta uwarta.

Wuni guda muna haƙa.
Kaurin ƙanƙarar ya ninka tsayina,
cikinta kumfa ne ƙanana, wani bisa wani,
kamar an yi magana a ƙasa
ta daskare kafin ta iso kunne.
Ta ce numfashi ne. Na ce na wa?
Ta miƙo mini igiya mai ƙulli ashirin
da kwalba a bakinta.

Ƙulli uku: ruwa garau, da ɗan tsanwa
in ka ɗaga shi wajen rana.
Waɗannan, in ji ta, haske suke ci.
Ɗan abin da ƙanƙara ta rage musu
shi suke lasa duk watannin da ba dare,
su fesar da iskar da muke shaƙa
har ta yi wa ruwan yawa, ga murfi a kai.

A ƙulli na goma sha ɗaya allurar na'urarta ta kwanta.
Nan iska ta ƙare, ta ce, tsaf, kamar an datse.
Kwalbar ta fito da launin ruwan da aka wanke hanta.
Gidansu bai kai faɗin tafin hannu ba.
Su ɗan hau, iska ta ƙone su.
Su ɗan sauka, duhu ya kashe su da yunwa.
Nan suka tsuguna tsakanin ajali biyu
tun kakan kakana bai iya ɗaurin kare ba.

Ƙulli ashirin ya zo da wari, ruɓaɓɓen ƙwai sak.
Babban karena ya yi atishawa, ya juya baya.
Tukummeq ta toshe kwalbar da tsirarar yatsu,
ta ce kar iska ta taɓa su, guba ce.
Ba su san an taɓa yin rana ba.
Gawar na sama ke sauko musu sannu sannu,
ita ce cinsu, ita ce labarin duniyarsu.

Na ce, to in rana ta tafi fa?
Wata huɗu ne, kin sani.
Ta ce na sama sai su rage numfashi,
su ci ajiya, wasu su ci maƙwabta,
su jira.

Wannan kam ba sai an karanta mini ba.
Shekarar da aka haife ta, farauta ta ƙi,
uwarta na auna kitsen fitila da farce,
muna kwance, ba mai motsi sai dole,
muna ƙirga kwanan haske a jikin bango.

Da yamma ta auna kaurin ƙanƙarar,
ta duba littafi, ta sake aunawa.
Ta ce ran da murfin nan ya tafi,
guguwa ta sa hannu ta dama ruwan,
na sama ya sauka, na ƙasa ya hau...
Tari ya sarƙe ta. Ba ta koma kan maganar ba.

Na naɗe igiyar, ta sandare kamar jijiya,
ƙullin na goma sha ɗaya ya rine kaɗan.
Kafin mu gama ɗaure kaya
ramin ya soma yin fata.

Na yanki nama, na ajiye a bakinsa,
yadda ake yi in an faɗa gidan mutane ba sallama.
Ta gani.
Ta sunkuya tana gyara wa kare ragama.