Dubu Huɗu da Goma Sha Bakwai

Ran Talata suka manna takardar
a bangon sashe, nan Harobanda,
tsakanin sanarwar rasuwa da ta jarrabawa.
Jerin masana ƙasa na duniya kaf, in ji su,
kowa da yawan bakin da ya ambace shi.
Shafin da ya shafe mu kaɗai suka buga,
tawada ta yi tsada.

Ni direba ne. Na kashe mota, na sa tabarau,
na bi layi da yatsa
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Sunaye masu maƙale wa mutum a wuya,
sai can ƙasa, inda gam ya fara saki:
Hurera Tankari,
dubu huɗu da goma sha bakwai.

Na tare wani ɗalibi: yaya ake auna malami?
Ya ce, in ka yi rubutu, wani ya yi nasa
ya kira sunanka ciki, ɗaya ke nan.
Na ce, ko ƙaryata ka ya yi?
Ya ce, ko ƙaryata ka ya yi, ɗaya ce.
To ai da ni ma na shiga jerin,
mai kantin unguwarmu ba ya kwana bai ambace ni ba.

Shekara goma sha tara ina kai ta Tawa.
Na san nauyin Adar a kafaɗata, buhu buhu.
Na ga ta lashi dutse ta faɗi shekarunsa.
Ta nuna min haƙorin kifi a kan tsauni,
ta ce, Nomau, nan da kake fakin teku ne dā.
Na ce, Malama, bari in ɗaga gilas.

A wani ƙauye bayan Kalfu
akwai tsoho Anaruwa, maginin rijiya,
ƙafa ɗaya a shanye, ido kamar na shaho.
Shi ya ce mata: a gaba ashirin da uku
za ki taras da baƙin yumɓu mai warin ƙwai.
Ruwan kansa ɗaci ne, kar ki tsaya.
Huda shi.
Ta zauna a kan guga tana rubutawa
har rana ta bar mu.

Wannan rubutun, sau goma sha ɗaya aka ambace shi,
biyu a ciki ita ce da kanta.
Amma rijiyar, sunanta ta ci.
Ina za ki? Hurera.
Daga ina? Hurera.
Ke, igiya ta tsinke a Hurera!
Kafin azahar matan garin sun cika ɗari,
ba mai riƙe da alƙalami.

Anaruwa yana shafin ƙarshe, cikin ƙananan baƙaƙe,
wajen godiya, an cinye masa harafi ɗaya.
Ya rasu bai gani ba.
Ni ban ma kai can ba, kuma ban ce komai ba,
mota ba ta shiga littafi.

Na ɗauka takardar bango ba ta dame ta ba.
Da yamma kan gada, motoci sun cushe,
raƙumi ɗauke da tabarmi ya tare rabin hanya,
kogi a ƙasa, ja wur da ruwan damina.
Na hango ta a madubi, fuska cikin salula,
tana ja da babban yatsa, tana ja.
Can ta ce, Nomau,
bara ina dubu huɗu da tamanin.

Na lissafa a raina. Sittin da uku.
Ban san waɗanda ta wuce ba,
Allah ya ba su haƙuri.
Na ce, barka, Malama.
Ta yi dariyar da ba ta yi a ofis,
ta rufe baki da gefen mayafi.

Sai ta ce, an canza tayar baya?
Jibi Tawa. Ka zo da buhuna.