Shafin Asta Mai Kifi

Ni na buɗe littafin, ni na rufe shi,
shekara ashirin da shida tsakani.
Barmo magatakarda ake ce mini a Garwa,
ko da yake alƙalamin yanzu sai saƙale a kunne.

Ranar farko an kafa rumfa a bakin Binuwai.
Auduga ta yi kyau, kowa da nauyi a aljihu.
Wani mai kwat daga Yawunde ya hau benci, ya ce:
"Ku zuba dala, ku karɓi kaso.
Kuɗinku za su tafi ci-rani kamar 'ya'yanku,
su dawo muku da tsaraba.
Gwamnati ce jingina, bango kuwa ba ya gudu."
Tafinta ya juya da Fillanci, ya juya da Hausa,
ya ƙara wa bangon tsawo da bakinsa.

Maza suka tsaya shafar gemu.
Asta mai bandar kifi ce ta ratsa su,
ta kwance bakin zane a kan teburina:
dala ɗari biyu da bakwai, duk suna ƙarnin tarwaɗa.
Lamba ɗaya.
Ta dangwala babban yatsa,
tawada ta kwanta kamar kunyoyin gona.

Liman Hamajoda ya yi Juma'a uku yana tambaya,
ribar ciniki ce ko kuɗin ruwa?
Da aka kai shi ya ga injin matsar angurya
yana zubar da mai da kuɗin jama'a,
ya yi shiru.
Da dare ya aiko ƙanensa da ƙunshi,
a rubuta da sunan ƙanen.

Kuɗin sun yi aiki, ni shaida ne.
Sun sayi jirgin fito, sun shiga masaƙa,
sun zama kwano a kan ɗakunan Pitowa,
keken ɗinki, shanun huɗa,
kujerar Makka ga wani tsohon masinja.
Duk ƙarshen kaka Asta na zuwa,
ba ta karɓa, cewa take: "Mayar, ya ƙara haihuwa."

Sannan aka canza darakta.
Takardu suka fara zuwa da hatimi bibbiyu,
rance ga mutanen da ba sa bin layi.
Aka ce mini sunayensu da fensir zan rubuta.
Na rubuta. Ina da 'ya'ya bakwai.
Wannan baitin ba na son sa, amma ba zan goge ba.

Daren da sefa ya kwanta ɗaya ya tashi rabi,
layi ya kai har gidan waya kafin asuba.
Na leƙa akwatin ƙarfe,
takardun alkawari ne cike, sai ƙadangare ɗaya.
Bango bai gudu ba, gaskiyar mai kwat,
amma mun yi ta kira, bango ba ya amsawa.

Shekara tara, kwamiti huɗu,
aka biya ɗaya cikin uku.
Wasu sun gode, wasu sun tofar.
Asta ta riga ta kwanta dama.
'Yarta Dudu ta zo da katin a cikin leda,
aka ce yatsanta bai dace da na shafin ba,
ta koma da rana a ka.

Yau a ofishin wani yaro ke sayar da katin waya.
Yana aika dubu hamsin Kusiri da yatsa ɗaya,
ba tawada, ba ƙarni.
Na ce masa: "Wa ke bayanku?"
Ya yi dariya, ya nuna mini dogon ƙarfen sabis.

Littafin na ƙarƙashin gadona.
Fensir ya koɗe, manyan sun fice sumul.
Gara ta ci bangon baya.
Shafin farko dai yana nan,
in damina ta jiƙa iska
har yanzu yana ƙarnin kifi.