Takarda a Cikin Gwangwani

Takardar filin babana tana cikin gwangwanin madara,
ƙarƙashin gado, kusa da takalmin da ya matse ni.
Hatiminta bai dushe ba. Sunana ne a jiki, Dalyop,
ga sa hannun mai unguwa, ga dangwalen shaidu biyu:
ɗaya ya rasu, ɗaya na sayar da tumatir a Farin Gada,
kuma ya ce ko gobe aka kira shi, zai tsaya.

Lauyan nan na bayan Taminus ya karanta ta sau biyu,
ya cire tabarau ya ce, "Malam, ai wannan a tafin hannunka take.
Ƙanenka ya yi gini a kan abin da ba nasa ba."
Na biya kuɗin shawara, na fito.
Na sauka a mota tun kafin Bukuru,
na ƙarasa da ƙafa
don fushina ya sami hanyar da zai miƙe.

Ina da iko. Kada wani ya ce ban sani ba.
Ni na haƙa kunyoyin nan tun ina ɗan shekara tara,
ni na dasa ƙeranar da ta kewaye su,
har yau tabon ruwanta na nan a gefen idona.

Amma mu ashirin da uku ne ran Lahadi,
a shagon kwano da muke haya a Anguldi,
benci biyar, ganga ɗaya, kwanon baiko mai lamba.
A benci na uku matar Choji take zama, da goyo.
A bakin ƙofa kuma, ba ciki ba, ba waje ba,
wani tsohon mai wankin kuza yakan jingina da sandarsa.
Ya taɓa ce mini, "Ba wa'azinku nake ji ba,
jira nake in ga yadda kuke faɗa."

To, da wane baki?
In tsaya gaban alƙali ran Alhamis in nuna ɗan uwata da yatsa,
ran Lahadi in kakkarya gurasa da hannun nan?

Sai na bari.

Nvou ta yi kwana biyu tana ajiye mini gwate ba magana.
Ran na uku, tana tsince acca a faifai, ta ce,
"Haƙƙin naka ne kai kaɗai, da za ka yi kyauta da shi?
Kaneng fa? An koro ta kan kuɗin makaranta."
Na buɗe baki, duk ayoyin da na haddace
suka tsaya a maƙogwaro kamar ƙashin kifi.
Gaskiya ta faɗa.
Ni aka kira, amma gicciyen da na ɗauka
gindinsa yana ja a kan ƙafafunsu.

Ya Yesu, ban zo maka da farin ciki ba,
da abin da ke hannuna na zo.
Na ba ka barcina, na ba ka ƙofar da ba ta kulluwa,
na haɗiye amsoshi masu daɗi da za su kashe bakin mutum.
Wannan ce ta fi ciwo, domin ƙasa ce,
kuma babana yana kwance a kusurwarta.

Choji bai taɓa taka shagon ba har yau.
In mun haɗu mukan gaisa kamar 'yan haya.
Tsohon nan ma bai shigo ba,
sai dai makon jiya ya jingina sandarsa daga ciki.

Takardar kuwa ban ƙona ta ba.
Tana nan, har yanzu da ƙarfinta.
Kowace asuba, in na sunkuya neman silifa,
hannuna yakan taɓa sanyin gwangwanin,
sai in sake barin filin,
in je in share benci.