Mai Itacen Mangwaro Saba'in da Biyu

Litinin, Laraba, Juma'a,
kafin zakaran Perlita ya buɗe baki
ina cikin jirgin fito daga Guimaras zuwa Iloilo,
hannun hagu bisa cinya kamar jinjirin wani,
kada a buge shi.
Teku ta kewaye ni ta ko'ina,
ni kuwa rabona a yini kwalba guda,
ita ma ba a cike ba.

Shekarar farko kai kawai nake gyaɗawa.
Likita ya miƙo takarda mai lambobi,
in ninke ta huɗu, in haɗa da kuɗin jirgi.
Mai itacen mangwaro saba'in da biyu
ya ce bai gane ba,
a gaban yaron da na girmi ubansa?
Kunya ta ɗinke min baki,
ƙafafuna suka tona asiri,
suka kumbura har silifa ya ƙi shiga.

Marivic ce ta kama ni, nas ɗin da ba ta dariya.
Ba ta ce "Ka gane?" ba.
Ta ce, "Tatay Rodelio, maimaita min,
kamar ni ce a kan gadon."
Na buɗe baki, ko kalma.
Ta jawo kujera, ta juya bayan takardar,
ta zana ƙoda biyu kamar ƙwayar wake,
ta zana kwalekwale mai yoyo.
"Injin nan kwasar ruwa yake, sau uku a mako.
Sauran kwana huɗun, wa ke toshe ɓaraka?"
Wannan kam na gane.
Na taso a gidan masunta.

Daga nan na san gishiri ɗan aiken ƙishirwa ne,
busasshen kifi ya bar kwanona.
Na koyi tsotsar ƙanƙara maimakon kwankwaɗa.
Na koyi wata kalma mai nauyi, fotasiyam,
wadda kan ɓuya cikin abu mai zaƙi
ta je ta riƙe wa zuciya ƙafa.
Na ce, "A cikin me da me?"
Ta lissafa ayaba, ta lissafa kwakwa,
sannan ta dubi ƙasa.
Na ce, "Faɗi, 'yata." Ta ce, "Mangwaro."

Anastacio na gado na bakwai ya fi ni iya gyaɗa kai.
Maƙwabcinsa ya ce ruwan kwakwa na wanke ƙoda,
ya sha ranar Asabar, ya ƙara ranar Lahadi.
Litinin aka sauya zanin gadon.
Na ji shi yana faɗa ranar Juma'a,
na san amsar, na ce ba ruwana.
Wannan shirun ba ya fita a wankin jini.

Yanzu ina da littafi mai bangon leda.
Kullum asuba in hau sikeli, jikata Liezel ta rubuta,
in ɗora yatsu biyu kan jijiyar da suka ɗinka,
in ji tana kuka kamar ƙudan zuma a kogo.
Ran da ta yi shiru, ba jiran Litinin.
Makon jiya na tambayi likita
me ya sa lamba ta uku ta hau.
Ya ɗago kai, ya ajiye biro.
Ashe yana da idanu.

Afrilu ta zo, rassa sun sunkuya har ƙasa.
Na tsinko ɗaya, na daɗe ina shinshinawa,
na yanki siririn yankin da muka yi ciniki da Marivic,
na bar shi ya narke a hankali,
saura na miƙa wa Liezel, ta shigar a littafi.

Gobe akwai sabuwar mata a gado na bakwai.
Na ga ta ninke takardarta huɗu.
Zan tafi da fensir.