Riyal Ɗari Shida a Harajin Jidda

Riyal ɗari shida cif, ba ƙari.
Wata goma ina zubi a hannun Dudu
kafin kwasa ta zo kaina.
Na ƙulle su a bakin mayafi, ƙulli biyu,
na ce da Rumasa'u: sa takalminki,
yau Haraji za mu, neman keke.

A jakata akwai alƙali:
tafin hannu guda na abin da nake ɗinkawa,
ƙyalle a sama, auduga a tsaka, ƙyalle a ƙasa.
Duk keken da ya ci wannan bai yi tari ba,
shi ne nawa.

Jidda ba ta san hunturu ba,
amma mutanenta sun sayi sanyi sun kafe a bango,
in dare ya raba sai su lalubi abin rufa.
Nan abincina yake.
Shekara bakwai daga allura sai yatsa,
lihafi ɗaya, wata ɗaya,
har idona ya fara ganin kafar allura biyu.

Na farko fari ne sol, da fitila da madannai,
mai shago ya ce yana zana fure sittin.
Rumasa'u ta shafa shi kamar ɗan mage.
Na ɗaga shi da hannu guda, sakayau,
roba ce ciki da waje.
Dubu da ɗari huɗu.
Fure sittin, in kai su ina?
Layi ɗaya nake so, miƙaƙƙe, wanda ba ya tsinkewa.

Na biyu kuɗinsa ya zo daidai da ƙullina,
sai dai hammatarsa a matse take;
in na naɗe lihafin babban gado, ta ina zai wuce?
Duk da haka na ba shi alƙali.
Ya yi taku uku, ya tsallake na huɗu,
ya tara zare a ƙasa kamar sheƙar ɓera,
sannan allura ta ce ƙas.
Mai shi ya ce laifin audugata ne.
Na biya kuɗin allura, muka yi gaba.

Bayan la'asar, ƙafa ta kumbura,
can bayan masu tsofaffin firji,
wani dattijo Bayamale, Ammu Ubaidu,
ya yaye buhu daga kan wani baƙin kai.
Adon zinariyar jikinsa ya goge
daidai inda wata mace da ban sani ba
ta yi shekaru tana ɗora hannu.
Mu biyu muka ɗaga shi, da nishi.

Ya ɗiga masa mai, ya murza tayar da tafi.
Alƙali ya shiga ta gaba ya fita ta baya.
Na juya bayansa: taku a jere kamar tururuwa.
Na ninka shi biyu. Ya ci.

Ɗari bakwai, in ji shi, da teburi da injin wuta.
Na taya ɗari biyar.
Ya ce Allah ya buɗa, wato albarka ke nan.
Ya kurɓi shayi, na yi shiru;
shiru ma tayi ne.
Ƙarshe ya riƙe teburinsa,
na ɗauki kai da inji, ɗari biyar da hamsin.
Hamsin ɗin ta tafi a allura mai kauri, da man keke, da tasi,
da ruwan mangwaro, don Rumasa'u ta sauke baki.

Yanzu yana zaune kan akwatin ƙarfe
da Inna ta ɗauko daga Haɗeja ta ƙasa,
shekara uku a hanya.
Ga farin ƙyallen da tela Mu'azzam ke share min,
ga guntayen baƙar abaya,
ga shuɗin zanen Inna
da ban taɓa bari almakashi ya kusanta ba sai yau.

Rumasa'u tana zura min zare,
tana cewa keken nan mummuna ne.
Na ce haka ne.
Riƙe min wancan bakin, kada ya ja ƙasa.